Yadda ƙanƙara ke hayayyafa a cikin gajimare

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni me ya sa ƙwayoyin ƙanƙarar da ake samu a gajimare suke fin ƙurar da ke haddasa su yawa. To, ga amsar.

Ɗigon ruwa mai tsabta ba ya daskarewa da zarar sanyi ya kai sifili. Yana iya zama ruwa har wajen digiri 38 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, sai fa in ya gamu da abin da zai fara masa daskarewar, kamar ƙurar ƙasa ko wasu ƙwayoyin bakteriya. Irin waɗannan kuwa ba su da yawa, musamman in sanyin bai yi tsanani ba.

Da zarar ɗigo ya fara daskarewa, zaruruwan ƙanƙara kan ratsa shi nan take, zafin da daskarewar ta saki ya ɗaga ɗumin ɗigon zuwa digiri sifili. Daga nan sai ɓawo ya rufe shi daga waje, ruwa na kulle a ciki. Ruwa kuma yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari in ya daskare. Ina zai je? Sai ɓawon ya tsage, ko ya tsiro da ƙaho, ko ɗigon ya rabe biyu ya watsa ɓarɓashi. Kowane ɓarɓashi iri ne: ya taɓa wani ɗigon, shi ma ya daskare. Manyan ɗigo sun fi fashewa, kuma a ganina nan ne ya kamata ka fi sa ido.

Akwai kuma abin da masana kimiyya Hallett da Mossop suka nuna a 1974: ɗigo masu faɗin fiye da maikiromita 24 (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) in suna daskarewa a jikin ƙanƙarar da ke faɗowa, sukan zubar da tsinke-tsinke, amma tsakanin digiri 3 zuwa 8 ƙasa da sifili kawai, mafi yawa a 5. Karo tsakanin ƙanƙara da ƙanƙara ma yana farfasa rassanta.

Don Allah ka kula da tsoffin alƙaluman da jiragen bincike suka tara. Ƙanƙara kan fashe a bakin na'urar awo, sai a ƙirga guntayen a matsayin na gajimare. Shi ya sa aka sauya fasalin bakin na'urorin. Ka duba wace iri aka yi aiki da ita kafin ka yarda da adadi.

A gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka