Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello: A Dawo Mana Da Amsar Tambayoyin Da Ake Yi Mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan jami'a, ina da wata buƙata da na ga ya fi kyau in faɗe ta a bainar jama'a, tunda ba tawa ba ce ni kaɗai.

Ina roƙon jami'a ta ware lokaci kowace shekara, ta fito daga harabobinta na Samaru da Kongo, ta shiga unguwanni da kasuwanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ta faɗa wa mutane da Hausa abin da masu bincikenta suka gano a kan rayuwarsu. Binciken zamantakewa nake nufi, na tattalin arziki da siyasa da aure da saki da almajirci da shaye-shaye da rikicin fili da bashi da wahalar ruwa, wanda duk a bakin mutane ake samo shi.

Mutanen Zazzau sun sha tambaya. Kowane mai unguwa ya san su, haka shugaban 'yan kasuwa da ungozoma: saurayi ko budurwa da jaka a kafaɗa da tarin takardu, yanzu kuma da waya, "Baba, don Allah 'yan tambayoyi ne, na makaranta ne." Suna zuwa daga jami'o'i na kusa da na nesa, da kwalejoji, da ƙungiyoyi iri-iri. A shimfiɗa musu tabarma, a kawo ruwa. Nawa kake samu a wata? Ana binka bashi? Ke kuma 'ya'yanki nawa suka rasu kafin yaye? Tambayar da ko ɗan'uwanka na jini zai yi nauyin bakin yi maka, sai ga baƙo ya yi ta, an kuma amsa masa saboda an ce karatu ne. Daga nan shiru. A al'adarmu in maƙwabciya ta aiko da abinci, ba a mayar mata da kwanon wayam.

Ba ƙarar kowa na kawo ba, ba kuma na ɗora wa jami'arka alhakin duk mai jakar da ya ratsa unguwa. Na rubuto maka ne domin kai ne babba a wannan fage. Abin da ABU ta mayar al'ada, sauran makarantun Arewa za su kwaikwaya.

Wannan shirun yana ɓata binciken kansa, ko da ba a gani daga ofis. Mutumin da aka yi wa tambaya sau da yawa bai taɓa jin abin da ta haifar ba, ya koyi dabara. Ko ya faɗi abin da zai sa mai tambaya ya tashi da wuri, ko ya faɗi abin da yake zaton zai jawo tallafi. Mai buhu ashirin a rumbu sai ya ce biyar. A zuba wannan a kwamfuta, a fitar da alƙaluma masu kyan gani, a ba da digiri, wata rana kuma wata ma'aikata ta gina tsari a kansu.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne jami'ar nan ba baƙuwar wannan aiki ba ce. A tsakiyar shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka zauna da manoman ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Sun bi su shekara guda cur, suna rubuta abin da aka shuka, da lokacin da aka ɓata a gona, da abin da aka girbe. A zamanin, ilimin boko yana kallon manomin da ya haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin wanda kansa bai waye ba, ana ta kiransa ya koma shuka iri guda a jere. Da aka yi lissafi sai ta bayyana manomin ne mai gaskiya. Haɗa shuka ya fi ba shi amfani a kan kowace kadada, ya fi biyan guminsa a watannin Yuni da Yuli lokacin da noma da maimai suke haɗuwa hannu ya yi kaɗan, kuma in damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Wannan aiki yana cikin waɗanda suka sa masana a ƙasashe da dama suka fara nazarin gona tare da manomi maimakon yi masa huɗuba. Yau Hanwa ta shige cikin gari, gidaje sun cinye yawancin gonakin. Ka tsayar da matasa goma a Kwangila ka tambaye su ko sun san kakanninsu sun taɓa gyara wa masana lissafi. Ai wannan labari ne da ya kamata a ce ana ba da shi a kowace firamare ta yankin.

Ga kuma na Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin koyarwa tsakanin 1976 da 1979, lokacin asibitin yana nan Tudun Wada, aka buga sakamakon a 1985. Likita ne, amma abin da ya gano na zamantakewa ne tsantsa. Mutuwa ta fi faɗa wa matan da ba su je awo ba sai da naƙuda ta yi tsawo abu ya lalace, da yarinyar da ta ɗauki cikin fari jikinta bai gama ƙosawa ba, da wadda ta yi haihuwa da yawa, kuma karatun mace yana cikin manyan abubuwan da ke raba mai tsira da mai rasuwa. Har an ga 'yan mata masu cikin fari da aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini suna ƙara tsawo a cikin goyon cikin. Daga jikin iyayenmu da yayyenmu aka samo wannan ilimi, likitocin duniya suna ambatonsa har yau. Mijin da ke hana matarsa zuwa awo a Gyallesu ko Tudun Jukun ya fi likitan Landan bukatar jin sa, kuma zai fi karɓa in aka ce masa a asibitin garinsu aka ƙirga, ba daga wata uwa duniya aka kawo ba.

Hanyar isar da saƙon ma a nan aka share ta. Tun ƙarshen shekarun 1970 malaman wasan kwaikwayo na Samaru, irin su Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, suka fara kwasar ɗalibai zuwa Soba da Maska da Bomo. Su saurari koken mutane a kan taki da haraji da cin zalin 'yan tsakiya, su mayar da shi wasa da Hausa, a yi a dandali, a tsaya a tsakiya jama'a su sa baki su ce a'a, ba haka abin yake ba. Ɓangaren noma kuwa yana da cibiya sukutum, NAERLS, wadda aikinta ke nan, ɗauko sakamakon bincike ta kai wa manomi ta rediyo da ƙasidu da malaman gona. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman da abokansa ba su tsaya ga mujallar Turanci ba, sai da suka fitar da Fitila da Hausa. Kuma a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ina jin labarin a Birtaniya hukumar da ke ba da kuɗin irin wannan bincike tana shirya biki duk shekara, jami'o'i su fita su yi wa jama'a bayani kyauta. Madalla da su, amma mu ba sai mun je aro ba.

Sai dai ina da tsoro guda, ranka ya daɗe, kuma a kansa zan fi tsayawa. Na san yadda muke mayar da kowane abin kirki buki. A kafa rumfuna, a buga ƙyalle, a sa ƙarfe goma a fara ƙarfe ɗaya ana jiran babban baƙo, a shafe awa guda ana jero sunaye da muƙamai, farfesa ya karanta takarda da Turanci, wani ya taƙaita ta da Hausa cikin minti biyar, a raba lemo a watse. Mutanen unguwa kuma suna can baya a tsaye cikin rana, an gayyato su don hoto ya cika. In haka za a yi, gara a bar kuɗin a gyara ɗakunan kwanan ɗalibai.

Abin da nake hange ƙarami ne. Wanda ya yi bincike a kan 'yan garuwa da tsadar ruwa ya koma inda suke ɗiba, bayan la'asar, ya tsaya a gabansu ya ce ga abin da kuka faɗa mini, ga abin da na fahimta, ina na kuskure? Wanda ya yi a kan masu Keke Napep da kuɗin da suke biya kullum ya same su a tasha, wanda ya yi a kan adashi da bashin 'yan kasuwa ya shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Ɗan Magaji. Rabin lokacin ya zama na masu sauraro ne. Kada a raina su. Garin da ke da Unguwar Juma da Kona, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana buɗe littafi a zaure ɗalibi yana tambaya malami yana warwarewa, ba zai kasa bin bayanin kashi-cikin-ɗari ba in an yi shi da harshen da ake ji. Sau da yawa ma wani dattijo ne zai ɗaga hannu ya nuna cewa tambayar tun farko a karkace aka yi ta, gyaran da mai jarrabawa daga wata jami'a ba zai taɓa iya yi ba.

A lura da lokaci. Ba a tara manomi da damina, sai bayan kaka. Mata kuwa, waɗanda su aka fi yi wa tambayoyi masu nauyi, ba za su zo dandali su yi magana a gaban surukai ba. Nasu zaman a yi shi a makarantun Islamiyya na matan aure ko cikin gidaje, kuma mata masu bincike su jagoranta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Akwai haɗari, ban ɓoye ba. Cire suna daga takarda yana isa a ɓoye mutum a mujallar da za a karanta a Ibadan, amma ba ya isa a unguwarsu. Ka ce "wata bazawara mai 'ya'ya biyar da ke tuyar ƙosai" kowa ya san ta kafin ka rufe baki. Binciken da ya taɓa tsaro a ƙauyukan Giwa, ko shaye-shaye, ko abin da ke faruwa a ɗakin aure, yana iya jawo wa wanda ya yi magana abin da ya fi kunya muni. Saboda haka dole a sami malamai masu hankali da za su tace abin da za a faɗa a fili da wanda za a kai wa hukuma a rufe. Haka kuma kada a bar ɗan siyasa ya shugabanci zaman, ko da shi ya sayi lemon. In sakamakon ya shafi sayen ƙuri'a ko yadda ƙaramar hukuma ke kashe kuɗi, ba wanda zai buɗe baki a gabansa. A nemi izinin fada da na hakimai da masu unguwanni kamar yadda aka saba, su ba da wuri su sa albarka, amma su ma su zauna cikin masu sauraro.

Za a ce babu kuɗi. Kuɗin mota daga Samaru zuwa Bomo ko Basawa, da hayar lasifika, da buga shafi biyu na taƙaitawa da boko da ajami, ba su kai abin da ake kashewa a kwalliyar taro guda ba. Jami'a tana da gidan rediyo, tana da sashen koyar da Hausa da zai taimaka wurin fassara, tana da ɗaliban aikin jarida da ke neman abin gwaji. Naɗar zaman a tura ta WhatsApp ba ta cin ko sisi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarin girma. Malamin jami'a ya san maƙala a mujallar waje ita ke kai shi kujerar farfesa, yinin da ya yi a kasuwa yana bayani kuwa ba mai rubuta masa shi a fayil. Muddin haka ne, 'yan ƙalilan masu kishi za su yi sau ɗaya ko biyu su gaji. Nan ne ikonka yake, kai da majalisar jami'a. A sa a ƙa'ida cewa duk kundin digiri na biyu ko na uku da aka tattara bayanansa daga bakin jama'a sai an haɗa shi da taƙaitawa cikin harshen waɗanda aka tambaya, Hausa ne ko wani, da shaidar cewa an koma an karanta musu, kafin a sa hannu. A kuma ba wannan aiki maki a takardar ƙarin girman malamai, ko da kaɗan ne. Duk mai neman kuɗin bincike, daga TETFund ne, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko daga waje, ya sa kuɗin komawar a cikin kasafinsa tun farko.

Ba sai an jira an kafa sabuwar cibiya da darakta da mota ba. A zaɓi kundaye kaɗan daga cikin waɗanda aka kammala kwanan nan a kan Zariya da Sabon Gari da Giwa da Soba, a nemi masu su, a gwada bayan kakar bana. Ina ba da shawarar a fara da Hanwa, a kai musu tsohon sakamakon nan na kakanninsu tare da sabon abin da aka gano a kan yadda filayensu suka koma gidaje.

Allah ya taya ka riƙo, ya ƙara wa jami'a albarka. Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.