Rahoton Ayyukan Shekara: Horar da Likitocin Iyali a Jihar Kaduna

'Yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara. Kwamitin zartarwa na ƙungiyarmu ta likitocin iyali, wato likitocin da ke duba kowane irin ciwo na manya da yara, na gabatar muku da rahoton abin da aka aiwatar, da kuma abin da ya gagara.

Tarukan ƙara wa juna sani na wata-wata sun gudana, wasu ido da ido a cikin garin Kaduna, wasu ta intanet, kuma sun taimaka wa mambobi wajen tara makin da MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, ke buƙata kafin ta sabunta wa likita lasisi. An fi ba da ƙarfi ga hawan jini, ciwon sukari, awon ciki da zazzaɓin cizon sauro a jikin yara, domin su ne ke cika ɗakin likitan iyali kowace safiya. Mun kuma yi bikin Ranar Likitan Iyali ta Duniya, 19 ga Mayu, da duba marasa lafiya kyauta.

Inda kwamiti ya fi shan wahala shi ne samun masu horarwa. Matashin da ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekarar sanin makamar aiki, ya kammala hidimar ƙasa, sai ya ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta takwararta ta Afirka ta Yamma, sannan ya nemi gurbi a asibitin da kwalejin ta amince da shi. Amincewar kuwa ta dogara ne da yawan ƙwararrun da ke wurin, don haka duk lokacin da babban likita guda ya tafi Saudiyya ko Ingila, guraben ƙanana ma raguwa suke yi. Waɗanda suka rage suna duba layin marasa lafiya tun safe har la'asar, kuma babu adalci a ce su zauna da ɗalibi kan kundin bincikensa bayan haka, ko da yake da yawansu suna yi ba tare da an biya su ba.

Akwai kuma batun wurin horo. Jiharmu na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, amma akasarin horon a manyan asibitocin Kaduna da Zariya ake yin sa, alhali likitan iyali ya kamata ya saba da wurin da babu na'urar hoto, babu ƙwararren da zai miƙa wa majinyaci. Shirinmu na tura masu neman ƙwarewa zuwa karkara ya tsaya saboda rashin masauki da fargabar hanya, kuma ba za mu tura ɗan kowa inda mu kanmu ba za mu kwana ba.

A shekara mai zuwa kwamiti na roƙon kowane babban likita ya ɗauki ƙarami guda ya riƙa bibiyar karatunsa, musamman abokan aikinmu na Kafanchan da Saminaka da ba sa samun halartar taruka. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin babban taro.