Godiya ga garejin da ya ceci injin motata

Zuwa ga maigidan garejin da ya gyara mini mota, da yaransa baki ɗaya.

Assalamu alaikum. Na yi muku godiya da baki ranar da na karɓi makulli, amma raina bai kwanta ba, shi ya sa na rubuta wannan inda kowa zai gani.

Abin ya faro ne daga jar fitilar nan ta baƙin mai, mai siffar butar mai. Da safe lafiya lau. Sai na yi tafiyar kamar minti 20 ta soma ƙyaftawa, can ta kama ɗungurungum. In na kashe motar na ɗan jira, in sake tayarwa, sai ta ɗauke kamar ba a yi ba. Bakaniken farko da na je wa ya ce sensa, wato na'urar da ke kunna fitilar in ƙarfin mai ya faɗi, ita ce ke ƙarya, har ya miƙa hannu zai zare wayarta don fitilar ta daina damuna. Na biyu ko murfin inji bai ɗaga ba ya yanke hukunci: famfon baƙin mai ya mutu, in kawo sabo. Ana cikin haka saman injin ya fara ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga cokali a kwano.

Da na kira ka, Maigida, abin da ka fara faɗa shi ne kada in ƙara tayar da ita, a jawo ta. Na ji haushi a lokacin, gaskiya, don tana tashi kuma tana tafiya.

Ka zaro ma'aunin baƙin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa: cike yake har layi. Ka ce, "Mai na nan, zagayawa ce ba ya yi." Ka buɗe murfin da ake zuba mai, ka haska tocila, ka ce in leƙa. Ƙarafan da ya kamata su riƙa sheƙi da mai sun yi furu-furu. Duk da haka ba ka ce famfo ba, ba ka ce sensa ba. Ka sa yaronka ya kwance sensar, ya ɗaura geji mai allura a gurbinta. A nan na koyi cewa inji mai lafiya yana son kimanin psi 10 na ƙarfin mai (psi shi ne awon da gejin ke nunawa) a kan kowane juyi 1,000 a minti, ita kuwa jar fitila ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi can ƙasa sosai, wato in ta kama, an riga an kai gaɓa. Da inji ya ɗau zafi aka kai shi juyi 2,000, allurar ko 10 ba ta kai ba. Nan take ka kashe shi. Ashe sensar da aka so a zare wa waya ita kaɗai ce mai faɗin gaskiya.

Kun cire filta, kun yanka ta biyu kuna neman ɓurɓushin ƙarfe a cikin takardarta. Babu. Na ga fuskarka ta saki, ni kuwa sai daga baya na gane cewa da an samu, da mital, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, ya riga ya cinye.

Sannan kuka sauke kaskon mai. Abin da na gani ba zan manta ba. Rariyar da ke bakin bututun da famfo ke zuƙo mai ta toshe da wani baƙin dasƙararren abu mai kama da kwalta, haɗe da guntayen gam ɗin da wani ya taɓa laɓta wa kaskon a madadin gasket, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo. Ka sa farce ka ɓamɓaro wani ka ɗora mini a tafin hannu. Ka bayyana mini cewa in inji na aiki, famfo na janyo dattin ya manne wa rariyar. In an kashe, sai ya zube ƙasa, shi ya sa fitilar ke kamawa tana ɗaukewa. Da na sayi sabon famfo, da shi ma iska zai yi ta zuƙa.

Rabin laifin nawa ne, kuma ka faɗa mini ba tare da ka kunyata ni gaban yara ba. Na daɗe ina ciko maimakon juye, ina ganin ai tunda mai bai ƙare ba, shi ke nan.

Ba ku tsaya nan ba. Kun duba zoben robar da ke bakin bututun ko yana shan iska, kun gwada bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai ko ya maƙale a buɗe, kun kwance mital guda biyu kun tabbatar ba su ƙarzu ba. Tsohon famfona kuka wanke, kuka auna, kuka mayar. Da aka zuba sabon mai, ba ku yi gaggawar tayarwa ba: kun cire fulogi, kun yi ta juya injin da sitata har allurar ta motsa. Da ya tashi ya yi zafi, ta hau 40 ta zauna.

Na dawo juye na biyu bayan kilomita 1,000 kamar yadda ka umarta, kuma fitilar ba ta sake ƙyaftawa ba. Dasƙararren abin nan kuwa yana cikin leda a aljihun motar, ina nuna wa duk wanda ya ce mini ciko ya isa.

Allah ya ƙara basira, ya yi wa sana'a albarka. A gaida yaron da ya sha kwanciya a ƙarƙashin motar.

Naku,
mai motar da aka jawo da igiya.