Daga Teze, a kan tudu

Teze, Faransa
Daren Litinin

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, ya jikin Mama, ya ƙannenka, ya damina? Naga hoton gonar bayan gidanku da ka turo, masarar nan tayi kyau fa, Allah ya kaimu kaka. Kayi haƙuri da shirun da nayi, nasan kana can kana cewa yaro ya shiga Turai ya manta da mutanen Wusasa, ba haka bane sam, waya ce bama zama da ita a nan sai can dare, kuma lokacin da na dawo ɗaki ko takalmi da ƙyar nake cirewa. Yau dai nace ko ana ha maza ha mata sai na rubuto maka doguwa, tunda kullum tambayarka ɗaya ce, wai aikin me kake yi a can ne?

To bari in faɗa maka gaskiya tun farko, satin da ya wuce wankin tukunya nayi. Kayi dariyarka. Ni da aka yi wa addu'ar sallama a gaban ikkilisiya, har zumunta mata suka haɗa min ƙuli-ƙuli da yaji, kowa na cewa za'a je aikin Ubangiji a ƙasar Turawa, a raina ina ganin kaina riƙe da makirfo ina wa'azi. Na iso sai aka miƙa min soso da safar hannu ta roba. Kuma tukunyar ba irin ta gida ba, wadda yaro zai iya shiga ciki ya zauna ce, don a wannan lokacin na zafinsu matasa dubu biyu dubu uku ake ciyarwa, wani satin ma fiye.

Wurin ƙauye ne fa, kar ka ɗauka birni nake. Suna rubuta shi Taizé amma Teze ake faɗa, yana kan tudu a yankin Burgundi, kamar kilomita 10 daga wani tsohon gari Kuluni, in ka sauka jirgin ƙasa a garin Makon sai ka hau bas. Ko ina ka duba gonaki ne da fararen shanu masu ƙiba, ba doro ba dogon ƙaho, da Bafulatanin gida zai gansu sai yace waɗannan ba shanu bane. Wani ɗan Suwizalan ne ya fara wannan zaman ibada na 'yan'uwa a nan a 1940, Ɗan'uwa Roger, yana da shekara 25, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya riƙa ɓoye masu gudun hijira har da Yahudawa. A Ista ta 1949 su bakwai suka ɗau alkawarin zama tare har mutuwa, ba aure ba dukiyar kai. Yanzu 'yan'uwan sun fito daga ƙasashe da yawa, akwai 'yan Katolika akwai Angilikan akwai sauran Furotesta, duk rufi ɗaya, tukunya ɗaya. Abin da ya fi ɗaure min kai basa karɓar kyauta ko gudummawa don kansu, ko gado ya faɗo wa ɗayansu talakawa ake ba, da ginin tukwane da kwanukan yumɓu da sauran aikin hannu suke ci. Ka tuna lancin ɗin da muka yi na fentin coci, yadda aka riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya? Nayi ta tunawa da shi, ban dai ce komai ba.

Ƙararrawa ce ke mulki a nan. Takwas da kwata na safe addu'a, sha biyu da minti ashirin addu'a, takwas da rabi na dare addu'a, kuma da ta kaɗa komai sai ya tsaya, mai shara ya jingine tsintsiya, mu a kicin mu cire safa mu kama hanya. Ka sani agogonmu na gaba da naku da awa ɗaya yanzu, kuma wannan takwas da rabin da nace maka dare, rana na nan tsaye, sai wajen tara da rabi take faɗuwa, satin farko jikina ya ƙi yarda, ina jin barci ga gari tarwai.

Majami'ar babba ce, an gina ta 1962, sunanta Majami'ar Sulhu, amma ba benci irin namu, a ƙasa ake zama kan shimfiɗa, da yawa ma su cire takalmi, sai tsofaffi ke samun wurin zama a gefe. Ranar farko da na shiga naga mutane zube a ƙasa sai masallacin maƙwabtanmu ya faɗo min a rai. 'Yan'uwan na zama a tsakiya cikin farar riga. Waƙoƙin gajeru ne, layi ɗaya ko biyu, a yi ta maimaitawa a hankali da Latin da Faransanci da Jamusanci da wasu harsunan da ban taɓa ji ba, ba ganga ba kacau-kacau ba rawa, a karanta 'yar aya da harsuna daban daban, kuma ba wa'azi. Eh, ba wa'azi. Maimakonsa sai ayi shiru.

Shirun nan shine abin da nake so in baka labari dama. Kusan minti goma mutum dubbai ba mai tari da ƙarfi. Kai kasan mu, in fasto yayi shiru na daƙiƙa biyar sai wani ya tada waƙa don kar wuri ya mutu, ga janareta ga lasifika ga yara. Kwanakin farko azaba ce gareni, ƙafa ta sage, ina ta lissafin kuɗin makarantar ƙanwata, ina tunanin tuwon masara da miyar kuka, har na ƙirga fitilun gaba. Wata rana kuwa da aka gama karatun Bishara ban san sanda bakina ya suɓuce na ɗaga murya nace Amin ba, ni kaɗai a duk majami'ar, wata Bajamushiya da ke gabana ta waigo a firgice, da ƙasa zata tsage da na shige. Na kai ƙara wajen ɗan'uwan da aka haɗa ni da shi, don kowane mai aikin sa kai yana da wanda yake zama da shi su yi hira kamar sau ɗaya a sati, 'yan mata kuma sistoci ne ke kula da su. Nace masa ni fa ban iya addu'a ba magana ba. Na zaci zai buɗe min aya ya bani mataki ɗaya biyu uku, sai kawai ya saurara, yayi murmushi, ya tambaye ni wa na bari a gida. Daga nan na tsinci kaina ina bashi labarin rasuwar Baba, abin da ko kai ban taɓa zama na faɗa maka yadda ya kamata ba, alhali kai ka riƙe min hannu a maƙabarta. Tun ranar shirun ya daina min tsawo. Ba zan ce maka naga wahayi ba, wani lokacin ma gyangyaɗi nake, amma yanzu in an tada waƙa bayan shirun har nakan ji kamar an yi sauri.

Satin kansa kamar juyin fanka ne. Lahadi da ƙarfe goma ana Jibin Ubangiji, daga nan motoci su cika fili, waɗanda suka yi sati su tafi suna ta rungume-rungume da kuka kamar sun shekara tare, da la'asar sababbi su sauka da jakunkuna da tantuna, mu kuma mu tarbe su mu nuna musu makwanci mu basu tikitin abinci. Ranar ce mafi wahala, jiya da ƙyar na kai gado. Kowane sati ana sauya mana aiki, nayi kicin, nayi wankin bayi tare da wasu yara 'yan Sifen masu waƙa suna goge masai kamar ana biki, nayi gadin dare, wato ka riƙa zagaye kana lallaɓa matasa su je su kwanta, aikin da ya fi kiwon awaki wuya. Wannan satin kuma an bani allo in tsaya a ƙofar majami'a, an rubuta shiru a jiki. Ni fa, da malamin Sande Sukul ya sha kora saboda surutu. Ka gaya wa 'yan kwaya su sha dariya.

Litinin zuwa Alhamis kusan iri ɗaya ne, aiki da safe, nazarin Littafi Mai Tsarki, aiki da yamma, shayi ƙarfe biyar da kwata. Juma'a da dare sai a kwantar da gicciye a ƙasa tsakiyar majami'a, mutane su bi layi a kan gwiwa su ɗora goshi a kan itacen, wasu har tsakar dare. Na ɗau sati biyu ina kallo daga nesa, kasan tarbiyyarmu, zuciyata na cewa anya wannan ba sujada ga itace bane? Da na tambaya aka ce min ba wanda ya tilasta, alama ce kawai ta sauke wa Almasihu kayan da ka ɗauko. Sati na uku naje. Asabar da dare kuma kowa a bashi siririn kyandir, yara su fara kunnawa wuta ta bi hannu hannu har wurin ya haske gaba ɗaya, wato kowane sati sai an yi Juma'a Mai Kyau da Ista kenan. Gani ya kori ji mutumina, hoto baya ɗaukar abin.

Abinci kuwa, harshena ne dai bai saba ba. Da safe biredi da bota da ɗan sandan cakulan, rana taliya ko shinkafa ko dankali ko wake, kuma cokali kaɗai ake bayarwa, da shi zaka ci da shi zaka shafa bota. Yajin zumunta mata shi ya cece ni, sai dai ya kusa ƙarewa don na yi kuskuren ɗanɗana wa wani ɗan Koriya, yanzu kullum sai ya zo da farantinsa. Akwai wani ɗan Benin daga arewacinsu da yake jin Hausar kasuwa, ranar da naji yace min sannu da aiki a bakin famfo saura kaɗan in yi hawaye. Shi ya fara sanin wurin nan tun taron da 'yan'uwan Teze suka yi a Kwatano a 2016. Wani ɗan kudu kuma da ya zo na sati ɗaya ya ƙi yarda wai ni Bahaushe ne kuma Kirista, sai da na nuna masa hoton tsohon cocinmu na ƙasa.

In na samu sarari nakan gangara tsohuwar majami'ar ƙauyen ta dutse, a bakinta kabarin Ɗan'uwa Roger yake, gicciyen katako ne kawai da sunansa. Wata mata mai taɓin hankali ce ta daɓa masa wuƙa ana cikin addu'ar yamma ranar 16 ga Agusta 2005, yana da shekara 90, kuma a wajen jana'izarsa gafara suka roƙa mata. Nakan zauna a wurin in tuna Kaduna da Jos da duk abin da muka gani, in rasa me zan ce. Ɗan'uwa Alois ne ya gaje shi, a ƙarshen 2023 kuma ya miƙa wa Ɗan'uwa Matthew, Bature ɗan Ingila, kuma ɗan Angilikan kamar mu.

Maganar kuɗi da ka yi, don Allah ka fahimtar da su kawu, ba albashi ake biyanmu ba, ci da kwana ne, kar wani ya sa rai da waya ko yuro. Saura sati shida in dawo in Ubangiji ya yarda. Ka duba min Mama ranar Lahadi bayan sujada, ka tabbata tana shan maganin hawan jinin nan don ni a waya kullum cewa take lafiya lau. Ka gaida Rabaran da matasa da duk wanda ya tambaye ni. Sannan ka rubuto min da labarin wannan yarinyar ta kwaya, kar ka ɗauka ban lura ka tsallake tambayar sau biyu ba.

Bari in kwanta, gobe da allona zan tashi.

Naka har kullum,
abokinka na kan tudu