Wasiƙa daga Aboabo, bayan arba'in ɗin Baba

Kumasi, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da mai ɗakinka da yara, da kuma sanyin Jamus. Na ga kiranka har sau huɗu ranar da aka yi rasuwar, na kuma saurari saƙon muryar da ka bari. Ka yi haƙuri ban ɗauka ba. A kwanakin nan duk sanda na buɗe baki zan ce Baba ya rasu, sai maƙogwarona ya shaƙe. Jiya aka yi sadakar arba'in. Baƙi sun watse, an mayar da rumfa da kujerun haya, gidan ya yi tsit, shi ne na ce bari in zauna in ba ka labari yadda ya kamata, domin kai ba baƙo ba ne a wurinsa.

Jinyar ba ta yi tsawo ba, kwana tara ne. Ranar Alhamis bayan asuba ya cika, ina riƙe da hannunsa, Inna tana daga wajen ƙafafunsa tana jan carbi. Bayan azahar aka sallace shi, muka kai shi maƙabartar Tafo. Ni da Yaya muka shiga kabarin muka karɓe shi. Wallahi aminina, mutumin da muka sani yana ɗaga huhun goro shi kaɗai ya aza a mota, da na rungumo shi cikin likkafani sai na ji kamar yaro na ɗauka. Har yau nauyin nan, ko in ce rashin nauyin, bai bar hannuna ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga wata mota ta tsaya, mutum shida suka fito, 'yan Asante, waɗanda Baba yake kira Tonawa yadda ya ji a bakin mahaifinsa. Duk sun yafa baƙin zane irin nasu na makoki. Suka bi mu ɗaya bayan ɗaya suna ba mu hannu daga dama zuwa hagu, kamar yadda suke yi. Babbansu dattijo ne mai sanda. Da ya zauna ya ce daga wani ƙauye suke ta wajen Offinso, sai ya fashe da kuka. Muka yi ta kallon juna, babu wanda ya san shi sai Kawu.

Ka san labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mun taso muna jin tsofaffin zango suna ambaton shekarar cikin ƙasa da murya, yadda aka yi ta sayar da gidaje da kaya a wulaƙance ana hawa manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar. A nan Kumasi aka haifi Baba, amma ba shi da ko fallen takarda da zai nuna. Wansa ya bi motar Kano, bai sake dawowa ba. Shi kuwa Kaka tana kwance ba ta iya tafiya, ya ce ba zai bar ta ba. Mahaifin wannan dattijo, manomin da Baba yake sayen goro a hannunsa, shi ya zo da dare ya ɗauke su, ya ɓoye su a bukkar gonarsa wata uku. Dattijon ya ce a lokacin yana yaro, shi ake aika musu da dafaffiyar ayaba da ruwa kullum da magariba.

Yanzu ka tuna cinyar ragon layya da Baba yake naɗewa a takardar siminti kowace babbar Sallah, ya ce ni da kai mu kai tasha a Kejetia mu ba direban motar Offinso? Muna tafe muna ƙunƙuni, ga sabbin kayanmu, ga 'yan uwanmu suna yawon Sallah. Ashe gidan nan take zuwa. Fiye da shekara hamsin bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa gaya mana dalili ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba, kuma wannan ne yake cin raina. Shekara nawa ina zaune gefensa a rumfa, ina ganin yadda yake yayyafa wa goro ruwa, yana sauya ganye, yana tsince mai tsutsa da ɗan yatsa ɗaya ba tare da ya duba ba, yana ware fari daga ja, marsa daga minu. Na tambaye shi farashi sau dubu. Ban taɓa cewa, Baba, ya rayuwarka ta kasance kana saurayi ba.

Da za su tafi suka ajiye kuɗi a faranti, gudummawar makoki bisa al'adarsu, da ƙaramin kwandon goro da dattijon ya ce daga bishiyoyin gonar nan aka ciro. Kawu ya so a raba a wurin sadaka. Na roƙe shi ya bar mini goma.

Inna tana takaba, tana haƙuri daidai gwargwado. Abin da ya fi karya ta shi ne safiya. Ta saba da an fito masallaci ta aika a karɓo masa koko da ƙosai, shi kuma ya kunna ƙaramar rediyonsa yana jin sashen Hausa na BBC, yana gardama da mai karanta labarai kamar yana jin sa. Shekaranjiya ta miƙa wa jikanta kwano da kuɗi, yaron ya kai bakin ƙofa, sannan ta tuna. Ba ta ce komai ba, ta karɓi kwanon ta kife. Rediyon yana nan a kan taga, babu wanda ya iya taɓa shi.

Game da abin da ka faɗa a saƙonka, cewa kana jin kunyar rashin zuwa, don Allah ka cire wannan a ranka. Ya san halin da kake ciki da maganar takardu, kuma yanzu na gane ya fi mu duka sanin ciwon abin. A asibiti ma ya tambaye ni, "Ɗan nan nawa na Jamus, ya samu takardar kuwa?" Na ce saura kaɗan. Ya ce Allah ya sa. Kuɗin da ka turo sun iso, da su aka sayi shinkafar sadakar bakwai, Allah ya saka da alheri.

Na buɗe rumfa tun makon jiya, amma har yanzu a kan benci nake zama, kujerarsa tana jingine. Idan Allah ya kai mu babbar Sallah, ni da kaina zan kai cinyar Offinso, ba zan ba direba ba. Ina so in ga bukkar, in tana nan.

Akwai wani ɗan unguwarmu da zai taso Hambug ƙarshen wata. Zan ba shi farar hular Baba da yake sawa ranar Juma'a, da goro uku cikin goman nan. Ka sa shi a addu'a bayan kowace salla, Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ka gaida mutanen gida. Inna ta ce ka kira ta, amma da yamma.

Naka har kullum,
Amininka na Aboabo