Tunatarwa kan zaman karatunmu na Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar da ƙarfe 8 na dare za mu haɗu a nan, mu tattauna sunadaran da ke liƙe ƙwayoyin jijiya biyu a mahaɗarsu, inda tazarar da ke tsakaninsu take kimanin nanomita 20 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

Ɗaya daga cikin sunadaran shi ne niyureksin, wanda ɗakin binciken masanin kimiyya Thomas Südhof ya gano a 1992; yana gefen ƙwayar jijiya mai aika saƙo, ya miƙa hannu ya riƙe wani sunadarin mai suna niyuroligin daga ɗaya gefen. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda niyureksin yake da hannu wajen tsara ƙofofin da kalsiyam ke shiga ƙwayar jijiya ta cikinsu, da kuma masu karɓar sinadarin saƙo na GABA da ake kira GABA-B, waɗanda su ne ke rage sakin sinadarin saƙo.

Don Allah kowa ya zana mahaɗar da hannunsa, ya turo hoton kafin Juma'a tare da tambaya ɗaya.

Allah ya ƙara mana fahimta.