Wasiƙa daga Edmonton, ana gobe za a fara wasan ƙarshe

Edmonton, Kanada
3 ga Yuni, 2025

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Yaya shirin Babbar Sallah?

Ka tambaye ni wa zai ɗauki Kofin Stanley bana, wato babban kofin wasan hoki na kan ƙanƙara na ƙungiyoyin Kanada da Amurka. Gobe ƙungiyarmu Edmonton Oilers za ta karɓi Florida Panthers a wasan farko, kuma wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke da kofi. Su ne dai suka kashe mana baki bara. Sun ci uku a jere, muka rama uku, sannan suka doke mu 2-1 a na bakwai. Har yau abin yana ci mana rai a garin nan, domin rabon Oilers da kofin tun 1990, rabon Kanada gaba ɗaya kuwa tun 1993 da Montreal ta ɗauka.

In ana maganar gwanaye, mu ke da su. Babu mai kamo Connor McDavid a kan ƙanƙara, bara ma shi aka ba kyautar gwarzon wasannin kofi duk da an cinye mu. Leon Draisaitl, ɗan Jamus, ya ci raga sau 52 a kakar bana, ba wanda ya kai shi. Sai dai hoki ba kamar tamaula ba ne da mutum zai tsaya a fili har a tashi. Ɗan wasa yakan yi ƙasa da minti ɗaya ya fita ya huta, wani rukuni ya shigo. Lokacin da gwanayenmu ke benci, nan Florida take fin mu. Kowane rukuninsu yana iya cin raga, ga bangaza da matsi har ka rasa inda za ka miƙa. Kyaftin ɗinsu Barkov ya ƙware wajen hana gwanin abokan hamayya sakat, kuma a watan Maris suka ƙaro Brad Marchand daga Boston da Seth Jones daga Chicago. Wannan ne zuwansu wasan ƙarshe na uku a jere.

Abin da ya fi damuna shi ne Zach Hyman, wanda ya ji rauni a wuyan hannu a karawarmu da Dallas, ba zai buga ba. Shi ne mai tsayawa a bakin raga ya sha dukan da wasu ke gudu. Ga batun gola: Bobrovsky nasu ya natsu, Skinner namu kuwa yau ya tare komai, gobe ya saki.

Duk da haka ina tare da Oilers, kuma ina sa rai. Tsaron bayanmu ya fi na bara, kuma in aka kai wasa na bakwai, a gidanmu za a yi shi.

Ƙarfe ɗaya na dare agogonku za a fara, in kana iya hana ido barci. Wasa na biyu ranar Juma'a ne, ranar Sallah, sai mun sauko daga Idi zan kira ka. Ka gaida su Baba da duk mutanen unguwa.

Naka har kullum,
amininka